Dalar Ziblim Ba Ta Faɗuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A unguwar Nima, shekarun da Turawa suka naɗe tutarsu, an yi wani maƙerin azurfa, Awudu, mai tara tsofaffin dalolin azurfa, irin masu hoton ƙosasshiyar mace da lulluɓi. Sauran maƙera narkewa suke su yi awarwaro, shi kuwa adanawa yake. Har unguwar Tudu yake zuwa ya tare baƙin arewa, ya jefa dala a dutse, in ta yi ƙara siririya, alamar azurfa ce, ya saya.

Duk da cikar gwangwaninsa da daloli, dala ɗaya ta hana shi sukuni, ta maƙwabcinsa Ziblim mahauci. Baƙa ce, mai huda, fuskar matar ta suɗe. Ziblim ya ce kakansa ya samo ta a Salaga zamanin fataken goro. Kowace Juma'a yakan rataya ta a wuya, mutane su kewaye shi a ƙofar masallaci, Awudu na gefe yana haɗiyar yawu.

"Maƙwabci, kawo in ji muryarta," in ji Awudu wata rana.

"Tsohuwa ba ta son faɗuwa," in ji Ziblim, ya mayar da ita cikin riga.

Awudu ya taya, ya ƙara tayi, Ziblim sai murmushi. Ko da Memuna 'yar Ziblim ta kusa aure, yana ta kukan ba shi da azurfar da zai rataya mata, bai sallama ba.

Ana saura kwanaki biki, sai ga Ziblim a maƙera da dalar a hannu.

"Malam Awudu, wanke min ita, amarya za ta sa. Kai kaɗai na yarda da kai. Amana, kada ta taɓa ƙasa."

Da Ziblim ya tafi, Awudu ya zazzage gwangwaninsa. Guda ɗaya ce ta yi kama da ita a huda da suɗewa: wadda ya kwance daga wuyan mahaifiyarsa ranar da ta rasu. Ya daɗe yana juya ta a tafinsa. Sannan ya goge ta da toka da lemun tsami, ya zura mata igiyar Ziblim.

Ziblim ya dawo ya karɓa, ya auna ta a hannu, ya yi godiya har da rusunawa.

Yana fita Awudu ya saka sakata. Ya ɗaga dalar Salaga, ya karkata kunne, ya sake ta a kan dutse.

Ta faɗi tim, kamar curin tuwo. Ya kankare gefenta da wuƙa, dalma ce.

Daga bayan katanga kuwa ya ji ƙarar azurfa siririya, muryar da ya sani tun yana goye, da Ziblim yana cewa, "Zo ki ji, Memuna. Ban gaya miki maƙwabci ba zai bar ki ki tare a gidan miji da dalma ba?"

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran maƙera.