Ofishin Sanyaya Zuciya

Tun da jami'ar ta buɗe Ofishin Sanyaya Zuciya, iyaye kan shiga da ƙara su fito sun manta abin da ya kawo su. Yara kuwa, doka ta hana a taɓa ƙwaƙwalwarsu.

Talatu ta fito tana murmushi, ta ja 'yarta Rumasa'u suka bi ta filin gudu. Sai ga kocin yara da usur a wuya.

Talatu ta ce, "Ke, ba za ki gaida malaminki ba?"

"Umma, da safe fa kika rantse sai an ɗaure shi kan abin da ya yi mini."

Talatu ta ɗaga hannu za ta buge mata baki, sai ta ga rubutu da biro a tafinta, kuma rubutunta ne: Ki yarda da ita.