Hannun da Ciyaman Ya Zo Nema

Ranar da hannun yayana ya daina rawa, ranar mutanen Kibiya suka daina zuwa gaishe shi.

Shekara da shekaru suna cewa tsoron Allah ne ke girgiza shi. Tun zuwan Shari'a 'yan takara ke layi a zaurensa, har daga Rano, kowa na son wannan hannu a kansa. Likita kuwa ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. A Indiya aka sa masa waya a ka da batir a ƙirji, ya dawo yana shan kokonsa da kansa. Sai zaure ya koma na awaki. Mutane ke nan.

Da zaɓe ya matso, na ji babban ɗansa yana lallashinsa.

"Baba, awa ɗaya ce fa. Ciyaman ne zai zo."

"Ɗan nan, ka bar ni in huta."

Marar kunya ya kanga na'urar da likita ya ba su a ƙirjin ubansa, ya kashe batirin.

Ciyaman ya durƙusa, hannun yayana ya koma karkarwa a kan hularsa. Da ya ga hawaye a gemun tsoho, sai ya waiwayi mutanensa yana murmushi.

"Kun gani ko? Har kuka yake mini."