Gitar Bahago

Kwana arba'in da binne ɗansa, tsohon bai yi kuka ba, ko ɗanɗanon abinci ba ya ji. Ranar kasuwar Gure ya bi rumfunan 'yan gwanjo yana tambayar inda ake sayar da gita ta hannu. Aka nuna masa shagon mai gyaran rediyo na bakin tasha.

Ga ta rataye a ƙusa. Ita ce kuwa, gitar ɗansa da ya miƙa wa dillali bara, ranar da ya rantse ba za a ƙara kiɗa a gidansa ba.

"Baba, har yau ba wanda ya taya," in ji mai rediyo. "Mai ita bahago ne, ya juya tsirkiyoyin. Zauna in mayar maka da su daidai."

Tsohon ya dubi inda yatsun hagu suka cinye fenti. Hannun nan ne ya riƙa ɗaurewa da tsumma tun yaron yana shekara uku, don ya koyi cin tuwo da dama.

Mai rediyo ya fara kwance tsirkiyar farko. Tsohon ya riƙe masa hannu.

"Bar ta yadda ya bar ta. Gyaran da na yi masa ya isa."