Saƙon Alhamis

A kwamfutar ofishin shirin kula da masu juna biyu da ke Jega akwai wata mata da ta shekara uku da ciki.

Abigail, jami'ar tattara bayanai, ita ta gano ta. Sunanta Amariya, ƙauyenta Kashin Zama, lambar wayar kuwa ta mijinta ce, wani Ɗantsoho. Da wata tara ya cika, washegari sai a sake yin rajistar sabon ciki da lambar. Sau huɗu ke nan a jere. Babu awo ko ɗaya, babu haihuwa, babu jariri.

Tsarin ba wuya. Miji ya buga wata lamba ya latsa ɗaya, shi ke nan, duk Alhamis ƙarfe huɗu waya za ta yi ƙara, wata murya ta gaya wa mai ciki abin da za ta ci da ranar zuwa awo. Da farko muryar wata Bakanuwa aka sa, matan Aliero suka yi ta sheƙa mata dariya. Dole aka nemo wata ma'aikaciyar lafiya 'yar yankin ta naɗi saƙonnin da harshen gida. Babu wanda ya rage a ofishin da ya tuna sunanta, a fayil dai "Murya ta Biyu" aka rubuta.

Bana an kawo sabuwar murya, ta na'ura, mai sanyi kamar ruwan randa. Tsofaffin lambobi aka bar wa tsohuwar har su ƙare da kansu, sannan a goge ta. Duk sun ƙare, sai wannan guda ɗaya ta ƙi. Masu ba da tallafi kuma za su zo duba alƙaluma ranar Litinin.

Abigail ta san irin su Ɗantsoho. Ta ga wanda ya yi wa akuyarsa rajista don gidan sauro. Safiyar Alhamis ta toshe lambar, ta aika wa kamfanin da ke riƙe da saƙonnin cewa hanya ta buɗe. Kafin azahar amsa ta dawo, an goge tsohuwar muryar. Amma ranta bai huce ba, sai ta ga idon mutumin. Ta tari ɗan acaba.

Ta same shi a bayan gida yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga rumbu. Dogo ne, mara magana. Ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya kawo ruwa da kansa.

"Ina maigidan Amariya?"

"Ni na."

"Ita fa?"

Ya sunkuyar da kai. Shekara shida Abigail ta yi a Kebbi, ta san mazan nan ba sa son a tono zancen matansu gaban baƙi. Ta ɗauka kunya ce, ta ƙara da rashin gaskiya.

A jikin bango ga jakar shirin rataye, ta koɗe, igiyar abin awon jini ta leƙo daga bakinta. Ma'aikata kaɗai ake ba irin wannan jaka. Abigail ta rubuta a littafinta: har da kayan aiki.

Ta wanke shi tas. Ta ce irinsa ne ke sa a raina ƙasar nan. Ta ce saboda ƙaryarsa wata mai cikin gaske za ta iya rasa taimako. Ta tambaye shi gidan sauro nawa ya kwasa.

"Ban amshi komi ba, Malama."

Gaskiya ne, ta duba tun a ofis. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan, mutum ya ɓata maka aiki a banza.

Ɗantsoho ya ɗaga kai ya dubi inuwar katanga, ya zaro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Wata yarinya 'yar shekara uku ta shigo da gudu, an yi mata wanka, an shafa mata mai, kwalli har kunne. Ta haye cinyarsa ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Iklima, gaida baƙuwa."

Ba ta ko kalli baƙuwa ba. Ta manna wayar a kunne tun ba ta yi ƙara ba, tana rera wa kanta: "Sannu 'yar'uwa, ya nauyin jiki? In kin ga jini, kak ki tsaya gida, ki bugo muna." Ko kalma ɗaya ba ta kuskure ba.

Huɗu ta yi. Huɗu da minti goma. Yarinyar ta girgiza wayar, ta hura mata iska kamar yadda ta ga manya na yi.

"Ba za ta shigo ba," in ji Abigail, muryarta ta ɗan sauka. "Na toshe lambar. Idan matarka ta samu ciki na gaske, ta zo da kanta, akwai sabuwar murya."

"Tsohuwar hwa?"

"An goge ta ɗazu."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Rad da za ta haihi wagga ɗiya, sau goma sha ɗaya na buga lambar da ita da bakinta ta ce a buga cikin saƙon nan. Ba a ɗauka ba. Kan amalanke ta cika, kahin mu kai Aliero."

Iklima ta ja masa riga, wayar tana nan manne da kunnenta.

"Baba, yau Inna ba ta magana."