Ƙanwa a Shafin Godiya

A tsohon laburaren jami'a ya same ta, yana riƙe da sabon littafinsa na tarihin makarantar.

"Gobe magabatana za su je nema min aurenki."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta fizge littafin, ta buɗe shafin godiya.

"Karanta."

Ya karanta. "Godiya ga ƙanwata da ta taya ni bugawa."

"Bugawa? Shekara biyu ina bin tsofaffin masu gadi da masu shara ina rubuta labarin kowane ɗakin kwanan ɗalibai, kai kana ofis kana shan fanka!"

"Haba, kunya na ji."

Ta miƙe, idanunta jajur. "To Yaya, ka ce magabatanka su huta. Ba a auren ƙanwa."