Sandar Halilu Bebe

Salamatu ta sake tarar da farantin a kife cikin ƙasa.

Murhu biyu masu dahuwa da rana Malama Husna, ma'aikaciyar wata ƙungiya, ta kawo mata daga Konni, ta ce ta gwada ta faɗa wa ƙungiyarsu wanda ya fi. Ɗaya akwati ne mai murfin gilas, malalaci na gaske, wake kan yini a cikinsa, amma yana riƙe zafi har la'asar. Ɗayan kuwa faranti ne faffaɗa mai ƙyalli, kafin ka gyara ɗaurin zane ruwa ya tafasa, sai dai iska na kaɗawa zafin ya gudu. Farantin ya zo da yadin rufewa shuɗi, ya yi kyau da yawa, Salamatu ta mayar da shi labulen ƙofa.

Ita mace ce mai tsabta. Tana sauke tukunya za ta wanke farantin tas, ta jingine shi a gindin rumbu ya sha rana kamar sauran kwanukanta. A rumbun nan hatsin shekara yake gaba ɗaya, maigidan kuma yana can ci-rani, sai damina.

Tun makon farko aka fara. Ta fito da azahar ta ji ƙauri, ta ga jinkar rumbu ta yi baƙi a gefe guda tana hayaƙi, farantin a kife. Bayan zana kuwa ga Halilu bebe mai sayar da itace, da doguwar sanda a hannu, yana nuna rumbun yana nuna sama yana wani irin gurnani. Ta yi maza ta watsa wa jinkar ruwa.

Kowa a ƙauyen Bazaga ya san dalili. Tun da murhunan suka shigo gidan, ko tsinke ba ta ƙara saya wurinsa ba, maƙwabta ma sun fara kawo tukwanensu.

Daga ranar tsoro ya zauna mata. Kullum rana ta take tsaka sai ta ji takun jakinsa ya tsaya a bayan gida, ta ƙule a ɗaki tana karanto duk addu'ar da ta sani. In ta fito, farantin na kife, rumbu dai Allah ya tsare. Abinci ya daina shiga bakinta, ko faɗuwar ludayi ta ji sai ta zabura.

Ran Laraba ta yi ta maza ta laɓe. Da idonta ta ga sandar ta ratso zana tana lalube wajen rumbu.

"Wayyo jama'a! Ga shi nan, shina son ƙona mu!"

Samari suka yi masa ca. Ya yi ta ɗaga hannu yana nuna sama, ba wanda ya kula. Kafin la'asar mai gari ya sa an raka shi bayan gari, shi da jakinsa, goshinsa na jini.

Washegari Malama Husna ta kira ta a waya.

"Inna Salamatu, wane ya hi?"

"Faranti mana, ɗiyata. Wanga ai wuta ne."

Ta dafa shinkafa, ta ci ta ƙoshi. Ta wanke farantin har yana kashe ido, ta jingine shi a wurinsa, ta shiga ɗaki ta miƙe. Rana ta take tsaka, ba takun jaki, ba gurnani. Barci mai daɗi ya ɗauke ta.

Ƙauri ne ya tashe ta. Ta yaye shuɗin labulen ta fito a guje, tana neman wanda ya dawo.

Ba kowa a bayan zana. Farantin na nan a jingine yadda ta bar shi, ya tattara rana ya ɗora a kan jinkar rumbu, daidai tsohon tabon, wuta na ci bal-bal, domin yau babu wanda ya miƙo sanda ya kifar da shi.