Takalmin Sarkin Zama

Tafin takalmin a lanƙwashe yake kamar gindin kwale-kwale, kuma a nan duk sirrin yake, in ji takardar da ke cikin kwalin. Kai dai ka zura ƙafa. Shi zai ƙona maka kitse, ya ɗaure maka cinya, ya gyara maka tsayuwa. Naka ido.

Wannan "naka ido" shi ya sace zuciyar Sarkin Zama. A ofis aka raɗa masa sunan, inda ya shekara goma sha tara yana tsaron fayil-fayil a kan kujera mai taya. In fayil yana can ƙarshen ɗaki, kujerar ce ke zuwa ɗaukowa, shi rakiya kawai yake yi mata.

Likita ne ya dagula masa rayuwa. Ya duba sukarinsa, ya dubi tumbinsa, ya ba shi wata uku: ko nauyi ya sauka, ko a fara allura kullum har ƙarshen rai. Shi kuwa mutum ne da ko allurar ɗinki ya gani a hannun matarsa sai ya sauya wurin zama.

Matar ta yi shekaru tana roƙonsa su riƙa ɗan tattaki da yamma, yana ce mata ba don ado ya sayi mota ba. Ranar da ya shigo da kwalin ya karanta mata takardar da ƙarfi, ba ta yi gardama ba.

"Allah ya sa a dace, Baban yara. Kawo kwalin in adana maka."

Ta ɗora shi can saman kabad. Da la'asar ƙaninta bakanike ya zo gaisuwa, har ya karɓi makulli ya matsar da motar cikin inuwa. Mutumin kirki.

Washegari motar ta ƙi tashi. Ƙanin ya dawo, ya buɗe bonet, ya daɗe yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Yaya, wani ɗan ƙarfe ne ya mutu. Sai an yi odarsa daga waje. Kar ka bari wani ya taɓa ta, ƙarasa ta za su yi."

Sarkin Zama ya nufi tashar bas a cikin sabon takalminsa, yana tangaɗi kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa. Bas cike take, ya tsaya a tsaye. Birki na farko takalmin ya yi aikinsa na kwale-kwale, ya kai shi cinyar wata dattijuwa mai kwandon ƙwai. Bai sake shiga bas ba. A kan babur kuma tafin ba ya zama a mataki, sai zamewa. Cire takalmin? Takarda ta ce kullum, daga safe zuwa yamma.

Haka ya koma zuwa aiki a ƙafa, minti arba'in tafiya, arba'in dawowa, yana tsine wa duk masu ƙera mota. Wannan wahalar bai sa ta cikin magani ba. Magani sai ya zauna yake farawa: ya tura ƙafafu ƙarƙashin tebur, ya yi ta lilo da su gaba da baya, yana jin kitse na narkewa.

Daɗin sawa kuwa ba a magana. Dunduniya ta yi bororo, idon sawu ya kumbura, ƙugu ya riƙe. Ya duba abin da ya haddace daga takardar, ya samu cewa ciwo alama ce ta aiki. Da wannan ma'auni, babu takalmin da ya kai nasa ƙwazo.

A wata na biyu bel ɗinsa ya nemi sabon huji. Mai Hatimi, abokin zamansa a ofis, ya gani ya sayi irin takalmin. Kullum yana sauka daga motarsa a bakin ƙofa, ya zauna, su yi lilon ƙafa tare. Bayan mako huɗu maɓallin rigar Mai Hatimi ya tsinke ya bugi kwamfuta.

"Jabu aka sayar maka," in ji Sarkin Zama cikin tausayi.

Ɗan ƙarfen dai bai iso ba. Yau yana kan teku, gobe yana tashar jirgi, jibi an aiko wanda ba shi ba. Matar da ke son a kai ta ko'ina a mota ba ta taɓa ƙorafi ba, abin da ya ɗauka haƙuri ne irin na matan ƙwarai.

Ranar cikar wata uku ya koma wurin likita, ya hau sikeli. Likita ya dubi sakamakon sau biyu, ya mayar da takardar allura cikin aljihun tebur.

"Me ka yi haka?"

Sarkin Zama ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kusa kifewa. "Kimiyya, likita. Ni ko motsi ban yi ba."

Yana fitowa waya ta yi ƙara. Ƙanin matarsa ne: albishir, ƙarfe ya sauka yau ɗin nan, gobe mota za ta tashi. Alheri biyu a rana ɗaya.

Ya isa gida matar tana kicin. Ya ga ya dace takalmin da ya cece shi daga allura ya huta cikin mutunci, a gidansa na asali. Ya taka kujera, abin da ba ya iya yi wata uku da suka wuce, ya sauko da kwalin. Wani abu ya yi ƙwal a ciki.

Ɗan ƙarfe ne kamar babban yatsa, an naɗe shi a takarda mai shatin baƙin mai, da rubutun ƙanin matarsa: "Yaya, ki ɓoye wannan, sai ranar da likita ya sallame shi mu mayar wa motar."